Ƙullin Da Aka Watsa Wa Kaji

Barikin Kankiya, watan Ƙaramar Salla

Takarda daga hannun Maharazu, gadina mai kula da lambun barikin Kankiya, zuwa ga taubashiyata Rahamatu ta Kusada, mai bakin da ba ya gajiya. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kun yi Salla lafiya, kuma ciwon gwiwar nan ya sassauta. Mu nan lafiya lau, matata Jamilatu ta yaye yaron, sai dai tarina da ya motsa tun da sanyi ya leƙo. Ki gaida Malam Kabo mai karanta maki.

Na sani za ki ce bawanki ne ya aiko, don kakata Inno mace ce, kakanki kuwa wanta ne. Ki yi ta faɗa. Ban taɓa amsa sunan nan ba, kuma ba zan amsa ba. Amma yau ba wasa ya kawo ni ba, ki ajiye tsiya ki saurara.

Ga ƙulli nan a hannun Dabo mai jaki. Irin shuka ne, na wani fure da Uwargida, matar Baturen hanya, ta fi so duk cikin lambun nan. Kalandula take ce mashi. Kowace shekara irin daga ƙasarsu yake zuwa a jirgin ruwa, cikin 'yar takarda mai hoto. To bana kuku ya faɗa mani yaƙin da suke yi da Jamus ya tare hanya, daga wannan babu wani. Bature kuma ya faɗa mani da bakinshi, in sanyi ya wuce ba irin baɗi, ba shi da abin yi da gadina, share fili leburorin hanya ma sun iya.

Kin san abin da ke nan. Ana ɗibar mutane aikin kuza a Jos, kowane mai gari an yanka mashi nashi, mai aikin bariki ne ake tsallakewa. Ran da aka sallame ni, ran nan na zama na ɗiba. Kin kuwa san ƙirjina. Sanyin Kankiya ma kwantar da ni yake, balle na kan dutse.

Nan ba zan iya fitar da iri ba. Uwargida kullum safe da almakashi take yawo tana yanke furen zuwa kwalba, rijiyar bariki kuma ƙafewa take tun sanyi bai ƙare ba. Ke kuwa rijiyarki ta bakin fadama ce, kuma duk dangi an sani irin kuɓewar Inno da na yakuwarta a hannunki kaɗai suka rage. Shi ya sa na raba biyu, na shuka kashi ɗaya, na aiko maki da ɗaya.

Kada kamanninshi su ruɗe ki. A lanƙwashe yake kamar busasshiyar tsutsa, haka Allah ya yi shi. Ki shuka yanzu, ba ya jiran damina, ɗan sanyi ne. Wuri mai laima, ruwa safe da marece. Na ba ki amana. Haza wassalam.

Maharazu

Kusada, watan Ƙaramar Salla

Daga uwargijiyarka Rahamatu, jikar namiji, zuwa ga bawana Maharazu mai ban ruwan ciyawar Turawa. Malam Kabo ke rubutawa, na kuma ce mashi kada ya rage ko kalma ɗaya don kunya. Ina gaishe ka, ina gaida Jamilatu, baiwar Allah mai haƙuri da kai. Muna lafiya, gero ya shiga rumbu, gwiwa na nan yadda ka san ta.

Saƙonka ya iso. Dabo daga kan jaki ya miƙo mani ƙulli, ko sauka bai yi ba, wai sauri suke za su Kano da gyaɗa. Na ce ba takarda? Ya shafa aljihu ya ce shi dai ƙulli ya gani. Na shiga ɗaki da murnata, na ce yau bawa ya tuna da uwargijiya, halan ɗan kanumfari ne. Har na ƙwala wa Hussaina maƙwabciyata kira ta zo ta gani. Ina kwancewa sai ga tsutsa! Busassun tsutsotsi, Maharazu, cikin tsumma fari fat, har da ɗaurin zare! Hussaina ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

Kai, Allah wadaran halinka. Bara kwaɗo ka naɗe mani cikin ganyen goro ranar Cika-ciki, na ce to ranar wasan taubasai ce, na shanye. Bana ko watan ba ka iya jira ba. Gemu ya fara fari amma hankali na nan inda aka bar shi ranar suna.

To ka ji inda tsutsarka ta kwana. Na fita tsakar gida na kira kaji, na watsa masu can wajen rijiya. Su ma ba wani ɗoki suka yi ba, zakaran ya ɗan tsattsaga ya bar wurin yana hararata.

Ga tukuici nan na ba masu zuwa kasuwar Kankiya. Daddawa ce ta musamman, akuyata ce ta yi ta da kanta. A sa a miya a ci da Bature. Wassalam.

Barikin Kankiya

Rahamatu, gaisuwa. Muna lafiya. Ba ni da ƙarfin tsawaitawa.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ba tsutsa ba ce, iri ne, kuma aikina da ƙirjina ne a cikin tsumman nan. Akwai takarda. Da hannuna na ba Dabo, na ga sa'ad da ya cusa ta cikin hularshi. In ya dawo ki sa a ciro a karanta maki. Ba ni da wani, kashin da ya rage ya riga ya tsiro a fangali.

Ba ke kaɗai ke da laifi ba, wanda ya aika kwaɗo bara ya san abin da ya koya wa mutane. Amma zuciyata ta yi baƙi, ba zan ɓoye maki ba. Jamilatu ta gan ni zaune da takardarki a hannu, ta ce wa ya mutu. Na ce ba kowa tukuna.

Kashin akuyarki na marmasa shi cikin fangali, shi kaɗai ne abin amfani da ya fito daga wannan al'amari. Kada ki ƙara aiko mani da wasa. Wassalam.

Maharazu

Kusada, watan Zulƙida

Zuwa ga ɗan'uwana Maharazu. Ina gaishe ka gaisuwa ta gaskiya. Yaya ƙirjin? A dafa maka citta da kanwa, kada ka riƙa fita ban ruwa ba riga.

Dabo ya dawo daga Kano. A ƙofar gida na tare shi na fige hular, sai ga takarda ta faɗo, duk ta sha zufa. Malam Kabo ya karanta mani ita. Dabo kuwa sai cewa ya yi wai ai ya ji kanshi ya yi ɗumi a hanya. Da muciya na raka shi har bakin masallaci, da gwiwar tawa.

Wallahi ban zauna ba. Na share tsakar gidan nan kaf, na tara ƙasar na tankaɗe ta da rariya, ni da Hussaina, har mutane suka fara cewa zobe na yar. Ba mu samu komai ba sai tsakuwa da kashin kaji. Zakaran nan na yanka shi don haushi, na tsaga ƙundunshi na duba, shi ma ba komai. Ko romon ban iya sha ba.

Ni da nake cika baki ba iri da ya taɓa mutuwa a hannuna, yau ni ce na watsa wa kaji amanar ɗan'uwana. Abinci ba ya shiga mani. An zo an ɗebi na garinmu zuwa aikin kuza ranar kasuwa, har da Bubayero ƙanen Hussaina, saurayi mai ƙarfi, ya tafi da bargo ɗaya. Da na ga bayansu kai na gani.

Ka roƙi Uwargida ta bar maka ko layi ɗaya kada ta yanke. Ka durƙusa in ta kama, ba wanda zai faɗa mani balle in yi maka dariya. Ka amsa mani ko da zagi ne. Wassalam.

Rahamatu

Kusada, bayan Babbar Salla

Maharazu, barka da Salla. Ina fata kuna lafiya, don ban sani ba, ka yi shiru tun watan jiya. In fushi ne ka yi, ka isa. Amma ka buɗe wannan 'yar gorar a hankali kafin ka ci gaba da fushin.

Jajibirin Salla na sa aka janye tsohon komin nan da ke bayan rijiya, za a ba rago ruwa. Ka san shi, tun zamanin marigayi mai gidana yake jingine da katanga, duk ruwan da ya zube daga guga ƙarƙashinshi yake bi. Ana janyewa sai na ga wani ganye a lungun, inda ko kan kaza ba ya shiga. Na duƙa zan tuge, don na ɗauka ciyawa ce. Hannuna na taɓa shi na ji danƙo-danƙo, na sansana na ji wani irin ƙamshi da ban sani ba. Ni kuwa duk ciyawar ƙasar nan ba wadda hancina bai sani ba. Na janye hannu na ce kowa ya matsa.

Tushe huɗu ne. Ganyen dogo ne mai laushi da ɗan gashi-gashi, har sun fara kai. Na zauna gadinsu. Shekaranjiya da hantsi ɗaya ya buɗe. Maharazu, ka san gwaiduwar ƙwan zabo? To haka. Da marece ya rufe, na ce shi ke nan ya mutu, na fara salati. Da safe sai ga shi ya sake buɗewa. Hussaina ta ce aljanu ne, na ce ta je gidansu ta faɗa.

Na tsinko shi na naɗe a jiƙaƙƙiyar auduga. Dabo ne zai kawo, takardar kuma a wuyan jakin na ɗaure ta, don ya fi mai shi riƙon amana. Ka duba ka faɗa mani. In shi ne, ka ce shi ne. In ba shi ba ne ma ka faɗa, zan iya ɗauka. Wassalam.

Barikin Kankiya, ƙarshen watan Babbar Salla

Zuwa ga Rahamatu. Gaisuwa, gaisuwa, gaisuwa! Shi ne! Wallahi shi ne! Na buɗe gorar a gaban kicin, na yi kabbara har kuku ya saki faranti. Jamilatu ta yi guɗa, yaron ya tsorata ya fashe da kuka.

Ki yafe shirun. Tari ne ya kwantar da ni, da na tashi kuma na rasa abin da zan rubuta wanda ba zai ƙara maki nauyi ba. Uwargida ta bar mani layi ɗaya, ba ta ma bari na durƙusa ba. Amma leburorin hanya daga rijiyarmu suke sha bana, guga har ya fara fitowa da laka. Wannan layin ba zai kai ba, na sani. Tushen nan huɗu naki su ne ke nan.

Yanzu ki ji, kuma don Allah ki bar Malam Kabo ya kai ƙarshe kafin ki fara magana. Kada ki ƙara tsinke ko ɗaya! Wanda kika aiko mani ma iri ne kika kashe, amma na yafe. Furen zai yi kwanaki, ya yanƙwane, ya zube, ya bar wani ɗan kai kore mummuna. Kada ki ce ya lalace ki cire, nan dukiyar take. Ki bar shi a jikin uwar har ya bushe ya koma ruwan ƙasa, in kin taɓa ki ji yana ƙaras-ƙaras. Sannan ki tara faifai a ƙarƙashi ki murza. Kada ki ɗiba da raɓa, sai rana ta ɗaga. In kin yi gaggawa ɗanye ne, zai yi fumfuna. In kin yi jinkiri ya zube da kanshi, kajinki kuma na nan.

Bature ya ce watan Mauludi za a tuge fangalai, ran nan zai ga abin da ke hannuna. Allah shi riƙa maki. Wassalam.

Maharazu

Kusada, ƙarshen watan Safar

Daga uwargijiyarka Rahamatu zuwa ga bawana Maharazu. Na komo da sunana, don yau na isa. Muna lafiya, gwiwa ta kumbura saboda duƙe-duƙen hidimarka, ka sani cikin wuyanka take.

Wai kai ne za ka koya mani kada a ɗebi iri da raɓa? Tun kana tsere da wando a hannu nake fitar da iri. Amma na saurara har ƙarshe, Malam Kabo shaida ne, sau ɗaya kawai na katse shi.

Ka san wahalar da na sha kuwa? Na kewaye su da ƙaya, akuya ta ci ƙayar. Na sa kara, ta tura kai. Sai da na kai ta gidan Hussaina zaman haya. Kaji na kulle su cikin akurki har suka daina ƙwai. Da furen ya cika lungun, gari duk ya ji, mata suka yi ta shigowa ɗiban ruwa da tulun da ke cike. Wata ta ce ɗaya kawai za a sa wa amarya a kitso. Matar mai gari ta aiko a ba ta ta jiƙa wa jikanta. Na ce a faɗa mata ko mai garin ne ya zo da rawaninshi sai dai ya kalla. Ranar Cika-ciki taubasai na ta guje-guje a gari, ni ina zaune bakin rijiya da sanda. Shekarar farko ke nan da ban zagi kowa ba a ranar, kai ma ba ka aiko da kwaɗo ba, har na ji kewa.

Sai suka fara yanƙwanewa, suka yi muni kamar yadda ka ce. Mata suka daina zuwa, wai na bar abu ya lalace don rowa. Na ce to. Ran da na farko ya bushe na tara faifai na murza da yatsa biyu, sai ga su sun zubo. Tsutsotsin nan, Maharazu! Su dai, a lanƙwashe, munana. Na zauna a ƙasa ina kuka ina dariya. Ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba.

Kullum in rana ta ɗaga nakan bi in ɗebi wanda ya nuna, in shanya a inuwar ɗaki. Tushe huɗun nan ba su gaji da haihuwa ba, ana ɗiba suna ƙarawa. Na sheƙe ƙaiƙayin, na gauraya da tokar kara yadda Inno ke yi wa kuɓewa, na ɗura a gora na toshe da ɓargon masara na shafe bakin da laka. Gora biyu suka cika. Ɗaya ce na aiko, ɗayar tana rataye a ɗakina, don na ga yadda maza ke riƙon iri.

Dabo da ƙafa zai zo, gorar a hannunshi, na ce in ya sa ta a hula kada ya dawo Kusada. Bubayero bai dawo ba, ba a kuma ji labarinshi ba. Ka sa shi a addu'a. Wassalam.

Barikin Kankiya, watan Mauludi

Zuwa ga Rahamatu ta Kusada. Gaisuwa mai yawa da godiya wadda takarda ba za ta ɗauka ba. Muna lafiya, zafi ya shigo, tari ya kwanta. Allah shi dawo da Bubayero gida.

Layin da aka bar mani ya ƙone tun yana fure, na murza ban samu komai ba sai ƙaiƙayi. Dabo ya iso ana gobe za a tuge fangalai, rungume da gora kamar mai ɗauke da jariri.

Da safe na shimfiɗa tsumma a baranda na fasa lakar na zazzage. Bature ya ga toka ya yamutsa fuska. Uwargida ta duƙa ta hura, ta ɗauki ɗaya ta juya shi a tafin hannu, sai na ga idonta ya kawo ruwa. Kuku ya ce wai a ƙofar gidan uwarta irinshi ke fitowa. Bature dai ya ce kama ba ta isa ba, sai ya ga ya tsiro, don a zafin ƙasar nan iri kan zama fanko. Na ce a ba ni kwanaki. Na zuba ƙasa a kasko, na barbaɗa ɗan kaɗan, na rasa inda zan ajiye don zafi. Sai na tuna da kominki, na tura kaskon ƙarƙashin randar kicin inda ruwa ke ɗiga. Kwanakin nan ban san ɗanɗanon tuwo ba. Ran Juma'a na jawo kaskon, Rahamatu, ya yi kore shar, kai da kai, ba masaka tsinke!

Bature ya duba ya duba, ya ce gadina na nan. Mai gari ya aiko ɗiba ta biyu cikin makon nan, aka wuce ƙofata. Ina tsaye da bokitin ban ruwa ina kallo. Jamilatu ta shiga ɗaki ta yi sujada.

Ba a nan ta tsaya ba. Ashe duk barikokin ƙasar Katsina ba mai ko ƙwaya ɗaya. Uwargida ta ƙulla kaɗan-kaɗan za ta aika wa matan Turawa, ta tambaye ni daga ina irin ya fito, don ta rubuta a jiki. Na ce daga Kusada, bayan komi. Ta rubuta Kusada. Baɗi ba jirgin ruwa za a jira ba, jakin Dabo za a jira.

Ga ƙulli nan na aiko. Kanumfari ne na gaske, ki kira Hussaina ta gani.

Saura magana ɗaya. Malam Kabo, don Allah kada ka karanta wannan a zaure. Ka fito bakin rijiya, a kira maƙwabta, ka ɗaga murya yadda har kajin za su ji. Tun muna yara take so in faɗa ina ƙi, na kuma ce ba zan taɓa amsawa ba. To yau yarana sun kwana da ubansu a gida, ga shi na rubuta da hannuna, ba wanda ya tilasta ni.

Ni ne bawanki, jikan mace,
Maharazu